Sabuwar waya mai dattin kunne

Jama'a, yau na ga ƙazanta a Jimeta!

Kun san batirin wayata ya kumbura. Na daɗe ina ɗari-ɗarin sayen wata, yau dai na hau keke daga Bekaji na je wani shago. Ba kowa sai mai shagon.

Ya ce, "Hamma, kasuwa ya mutu, mutane sun daina canja waya. Ga sabo dal a kwali."

A gabana ya yage ledar, ya kunna. Sai ga hoton wata mata da jariri! Na duba wurin kara kunne. Dattin kunnen wani ne, ya bushe a ciki!

Na ce, "Ba wai ina zarginka ba ne, amma kamar an yi amfani da ita. In ta sata ce fa? Ni jami'an tsaro za su kama."

Ya ce, "Ku masu digiri da tsoro! Sai mu goge."

Ya tofa yawu a gilashin, ya murza da rigarsa, ya miƙo min!

Ko taɓa ta ban yi ba, na fice. Don Allah wa ya san mai canja batiri mai tsoron Allah? Ni da tsohuwar wayata mutu ka raba.