Inda Rana Take Kwana

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma ina zaton lokacin yaƙin Turawa ne, shekara ta biyu da aka ɗauke ni daga Tama aka kai ni lakwal, makarantar nasara, a Madawa. Na dawo hutu cikin sanyi. Da an idar da magariba, kakarmu takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ƙafafunmu sun yi furu-furu. Tana da ƙa'ida guda: cikin jikoki sai ta zaɓi mai amsawa, wanda zai riƙa cewa "na'am" duk inda ta numfasa. In ya yi shiru, tatsuniya ta tsaya. Ran nan ni ta zaɓa.

"Angona ya dawo da wando irin na nasara," in ji ta. "To, kai ka amsa min yau."

Mahaifina kuwa mutum ne mai magana guda, yana ta maimaita ta har mun daina ji. In muna ban ruwa a garkar albasa, na yi gaggawar toshe bakin fangali kafin ruwa ya cika shi, sai ya ce, "Bari shi kai ƙarshe tukuna." In na katse baƙo yana magana, haka zai ce. Ranar da za a tafi da ni lakwal ma, iyakar abin da ya ba ni ke nan. Na ɗauka maganar ruwa ce.

Tatsuniyar ta wata yarinya ce mai kiwo, maraƙinta ya faɗa tsohuwar rijiya. Ta ɗaura igiya ta bi shi. A ƙasa ta iske wata tsohuwa jajir, tana daka gero tana nishi. Ashe rana ce, nan take sauka kowace yamma ta huta. Ta ce wa yarinyar za ta mayar mata da maraƙi, amma sai ta amsa tambaya ɗaya. Kaka ta numfasa, tana jiran "na'am" ɗina.

Ni kuwa na ce, "Rana ba ta zuwa ko'ina. Ƙasa ce ke juyawa. Mushe ya gwada mana da ƙwarya."

"Wa yag gwada muku?"

"Mushe. Malaminmu."

"Mushe!" Ta tafa hannu. "Mu nan angulu muka bar ma mushe, ku can shi ka karantar da ku?"

Yara suka fashe da dariya. Da na yi dariyar tare da su, da an wuce wurin. Amma sai na ce, da muryar da har yau ina jin ta, "Ke ba ki san komi ba, Kaka. Ƙarya ce kawai."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tura wani kara cikin wuta, ta ce, "To, masani ya zo. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni." Ƙannena suka roƙe ta, ta ce gobe. Washegari ta ba da wata daban, ta zaɓi wani mai amsawa. Na so in tambaye ta ƙarshen waccan, girman kai ya hana. Kafin hutu na gaba ta rasu.

Mahaifina yana zaure, ya ji komai. Da safe a garka na jira duka. Ya miƙo min ƙwaryar ban ruwa, ya ce, "Wataƙila Mushenka na da gaskiya. Amma ita ba ta kai ƙarshe ba."

Na yi karatu mai tsawo bayan haka, har ƙasashen waje. Abokai suna min tsiya cewa ba na iya cewa littafi ba shi da kyau sai na karanta har shafin ƙarshe, kuma da na zama malami, ko ɗalibi na shirme ba na katse shi. Suna kiran abin haƙuri. Ina jin tsoro ne, ko kunya, ban tabbata ba.

Na tambayi tsofaffin Tama da na Galma, babu wanda ya san tatsuniyar. Mai yiwuwa ita ta ƙirƙira ta a yammacin nan, domin jikanta ɗan lakwal, tambayar kuma ni aka shirya wa. Ban san mece ce ba.