Turaren Kayan Juma'a

Na taso ina karanta ƙananan littattafan soyayyar da direbobi suke shigo mana da su Garwa daga Yola. A cikinsu ban taɓa cin karo da miji mai tari ba. Mijin yakan dawo da yamma, ƙamshi ya tare shi tun daga zaure, ya tsaya ya lumshe ido. Na haddace wannan kamar karatun allo. Da aka kai ni ɗakina, abin da na fi ji da shi a kayana shi ne kaskon turare da kabbasa, kwandon itacen nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi.

Maigidana fataucin bandar kifi yake yi. Tun yana saurayi yake zuwa Lagdo, ya kwana uku ko huɗu a bakin ruwa, yana tsaye kan masu banda har kifin ya yi yadda yake so. Yakan dawo da ƙarni da ƙauri a jikinsa, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yaƙina. Kowace Alhamis in wanke babbar rigarsa in goge, Juma'a da hantsi in rufe taga, in zuba turaren wuta, in turara rigar da hular har ƙamshi ya kama zare. Haka muka yi shekara goma sha tara.

Tarin ya shigo a hankali, kamar baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba. Daga baya numfashi ya fara yi masa kaɗan ko daga masallaci zuwa gida. Likita ya ce hayaƙin banda ya gajiyar da huhunsa, ciwon ba ya warkewa, sai dai a guji abin da ke tayar da shi. Aka ba shi abin fesawa a baki. Ya bar wa ƙanensa zuwa Lagdo. Na bar girki da itace na koma gas, na daina kunna maganin sauro, na ɗaura gidan sauro. Idan maƙwabta suka cinna wa shara wuta, in bi tagogi da gudu.

Duk da haka ciwon bai fasa tashi ba. Sai ya zauna bakin gado ya dafa gwiwa, kafaɗu suna hawa suna sauka, leɓensa ya yi duhu. In tare mai babur, mu sa shi tsakiya, ina riƙe da shi ta baya har asibiti. Kuma duk ranar da aka sallamo shi, in riga shi isa gida in turara ɗakin sosai don in kore masa warin asibiti. A ganina, hayaƙi na murhu ne da juji. Turare kuwa gata ne. Ko sau ɗaya ban haɗa su ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta haɗa min, Bafulatana da ta manyanta, tana Hausa tana sirkawa da Faransanci. Wata rana da aka kwantar da shi, ta zo sauya masa ledar ƙarin ruwa, sai ta tsaya ta shinshina rigar da na rataye a kan gadon.

"Madam, wa ke turara masa wannan?"

"Ni mana," na ce, har ina gyara zama.

"Kin iya kam. Yau wace rana?"

"Juma'a."

"Wancan zuwan naku fa?"

Na shiga tunawa. Juma'a ce. Na gabansa kuma kwana ɗaya da sallamo shi muka koma.

"Huhun ba ya tambayar tsadar hayaƙi, Madam," ta ce, ta ja tirenta ta wuce gado na gaba.

Na juya na kalle shi. Ya kau da kai wajen bango.

"Ka sani?"

"Na daɗe da zargi."

"Tun yaushe?"

Ya huta, ya tara numfashi. "Tun bara."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"In ce miki me? Na ga yadda kike yi idan kin miƙo min rigar." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma ai gara liman ya ji ƙamshi da ya ji tarwaɗa."

Da a littafi ne, nan zan kifa kaina a ƙirjinsa in yi kuka. Ni ban ji komai ba sai gajiya da haushi. Na tuna baburan, da bencin asibitin da ya san bayana.

Kafin a sallame shi na yi kwana biyu ina wanki. Labule, zanin gado, darduma, duk rigunansa, wasu sau uku. Katifa na fitar rana. Har bangon ɗakin ya riƙe ƙamshin, sai da na goge shi da tsumma. Kwalaben humra na raba wa 'ya'yan ƙanwata. Ciwon bai tafi ba, amma ya yi nisa tsakani. Muka yi wata biyu ba mu hau babur ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne mutane. Ana cikin haka yayarsa ta zo dubiya daga Marwa, mace ce da humrarta ke riga ta sallama. Ina jin ƙamshin daga zaure na fito na tare ta a tsakar gida. A hannunta har da tsarabar turaren wuta da ta sa aka kawo mata daga Kusuri.

"Yaya, sannu da hanya. Ga tabarma nan inuwa."

"Tabarma? Ina ɗan'uwan nawa?"

"Yana ciki. Sai dai ki ɗan watsa ruwa, in ba ki nawa zanin ki ɗaura, sannan ki shiga. Ƙamshin yana tayar masa da ciwo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni ce zan yi wanka kafin in ga wanda na goya? Shi ya sa tun daga ƙofa na ji gidan kamar shagon sabulu. Ke da ake kwatance da ɗakinki."

"Haka ne, Yaya."

"Ke dai ki ce kin gaji da hidima."

"Na gaji," na ce. "Amma ba za ki shiga a haka ba."

Ban taɓa yi mata musu ba sai ranar. Na tsaya a bakin ƙofar ban matsa ba. Daga ciki ya yi tari sau biyu, ya ce, "Yaya, ki yi abin da ta ce."

Ba ta yi wankan ba. Ta ja kujera can gindin darbejiya, ta zauna suna gaisawa ta taga, tana ɗaga murya, yana amsawa a gajarce. Na kai mata ruwa da abinci, ba ta kalle ni ba. Da la'asar ta ɗauki tsarabarta ta koma tasha, har yau ba ta amsa wayata. Shi kuwa ya ci tuwonsa, ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa ya dawo. Na tattara kwanukan na zauna a bakin rijiya, na daɗe ban fara wankewa ba.