Wendell Knickle, Mai Sauraron Sarƙar Anga

Kowace safiya da ƙarfe bakwai, Wendell Knickle yakan sauko bakin tekun garin Lunenburg riƙe da 'yar gudumarsa. Sai ya shimfiɗa sarƙar jirgin da ke shirin tafiya a kan katako, ya durƙusa ya bi ta zobe-zobe, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. A ƙarshen watan nan zai huta, don gwiwoyinsa sun gaji.

Masu jiragen filafilai da ke ratsa teku ba su da hira sai ta iska da gudu. Shi kuwa Wendell, damuwarsa yadda jirgi zai tsaya: anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi, da sarƙarta, da irin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa, taɓo ce ko yashi.

Tambayi Colette Surette da mijinta Duncan. Ana gobe za su tashi zuwa tsibirin Newfoundland, Wendell ya ce zobe ɗaya a sarƙarsu ya tsage.

"Haba tsoho, sabuwa ce fa," in ji Duncan.

"A idonka sabuwa ce. Ni kunnena ya ce ƙarya take yi."

Ya yanke wurin ya gyara, sannan ya fita da su cikin ruwa, ya sa Colette ta jefa anga ta ja jirgin baya har sau bakwai, sai da ta gane yadda sarƙa ke miƙewa idan anga ta ci ƙasa. Kwana biyu na iska mai kyau suka wuce su. Duncan ya tafi ko sallama babu.

Bayan mako uku, guguwa ta rutsa su da tsakar rana a wani lungun teku, duwatsu a bayansu. Jirage huɗu ne a wurin. Biyu iska ta ja su har da angarsu, ɗaya ya fashe a jikin dutse, da ƙyar aka ceto mutanensa. Nasu ya yi awa tara yana jijjiga, bai matsa ba.

Da suka dawo, Duncan ya zo wurin tsohon ya cire hula. Wendell ya tambaye shi tsawon sarƙar da suka saki. Ya ce ninki bakwai na zurfin ruwan.

"Da ni ne, takwas zan saki. Amma kun yi ƙoƙari."

Kai ne, Wendell, mai gwammace a yi fushi da kai a tudu da a yi kuka a teku. Ba ka taɓa tsallaka tekun nan ba, amma babu nahiyar da aikinka bai riƙe jirgi a gaɓarta ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Ku kuma masu tasowa, ku je wurinsa tun yana kusa. Zai yi muku faɗa. Ku tsaya ku ji.