Rayuwar Malam Ja-Layi, Mai Awon Eriya a Saman Benaye

Haihuwa da asali

An haifi mutumin da abokan aiki suka sani da Malam Ja-Layi a ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 1962, a wani ƙaramin gari da titin jirgin ƙasa ya raba biyu. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bayan tasha, mahaifiyarsa kuwa tela ce mai ɗinki a cikin gida. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne ya bi sahun uban.

A shagon nan akwai wani layi na alli da uban yake ja a ƙasa kowace safiya tsakanin teburin aikinsa da bencin masu jira, saboda akwatin rediyo da aka buɗe bayansa wutar cikinsa tana iya jan mutum ko bayan an kashe shi. Yaro ko babba, babu mai tsallake layin sai da izini. 'Yan'uwansa sun tabbatar da cewa bai taɓa tsallakewa ba ko sau ɗaya, hasali ma shi yake kai ƙarar masu tsallakewa, abin da bai ƙara masa farin jini a gidan ba.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a 1969 bayan ya yi nisa a karatun addini, ya wuce sakandaren koyon sana'a a 1975, sannan kwalejin kimiyya da fasaha, inda ya sami difloma a fannin lantarki da sadarwa a 1983. Malamansa ba su shaide shi da hazaƙa ta musamman ba. Abin da suka shaide shi da shi shi ne naci, domin awon da ɗalibai suke yi sau ɗaya su tafi cin abinci, shi sai ya yi sau uku.

Aikin farko da aure

A 1984 aka ɗauke shi aiki a tashar watsa shirye-shirye ta wani gidan rediyo da ke bayan gari, inda ya shekara goma sha takwas yana kula da injina. A can ne, a 1989, ya kai hannu kusa da wata waya da ke kai ƙarfi ga doguwar eriyar tashar, ta ƙone masa babban yatsan hagu ba tare da ya ga wuta ko hayaƙi ba. Tabon bai ɓace ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya zama hujjarsa ga duk mai gardamar cewa abin da ido bai gani ba ba ya cutarwa.

Ya yi aure a 1988. Maiɗakinsa malamar firamare ce, kowa Malama yake kiranta, har shi kansa. Allah ya ba su 'ya'ya biyar tsakanin 1989 da 2001. Malama takan ce ta auri mutumin da ko gado zai jawo sai ya auna tsakaninsa da bango, kuma ba wasa take yi ba.

Hawa saman benaye

A 2003, lokacin da wayar salula ta yawaita aka fara kafa eriyoyi a saman dogayen gine-gine, ya koma wani kamfanin awo. Aikinsa shi ne ya hau rufin bene da na'urarsa, ya auna ƙarfin igiyar rediyon da eriya take fitarwa, wanda mutane suke kira tururi, ya shata da fenti mai launin rawaya iyakar inda bai kamata a tsaya ba, ya kuma manna allon gargaɗi. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Bayaninsa ga jama'a ɗaya ne, ba ya canzawa. Eriya gabanta take tura ƙarfinta kamar fitilar mota, bayanta da ƙarƙashinta kaɗan ne yake kaiwa. Wanda yake cikin ɗakunan ƙasa ya kwantar da hankalinsa. Wanda ya kamata ya kiyaye shi ne mai tsayawa dab da fuskarta, taku kaɗan, kamar mai gyaran tankin ruwa ko mai fenti, domin ƙarfin yana iya ɗumama naman jiki fiye da kima, kuma idan aiki ya tilasta tsayawa a nan, a kira lambar da ke jikin allo a kashe ta tukuna. Yakan yi ƙorafin cewa jama'a sun juya abin: masu zama a hawa na biyu sun hana kansu sakat da tsoro, masu shanya a gaban eriya kuwa ko a jikinsu.

Abin da ya faru a bene mai hawa shida

A watan Maris na 2006 aka tura shi wani bene na ofisoshi mai hawa shida, inda aka ɗaure eriya a bangon ɗakin matattakala, ƙasa-ƙasa, daidai kan mutum. Ya auna, ya rubuta cewa a ɗaga ta, kafin nan kuma ya shata a gabanta akwati mai kusurwa huɗu da fentin rawaya, taku biyar a tsawo, uku a faɗi, a miƙe tsaf kamar yadda ya saba. Ya share cikinsa don fentin ya kama, ya manna allo, ya sauka. Bai lura da cewa eriyar ta ba alƙibla baya ba, ma'ana duk wanda ya tsaya a cikin akwatin ya fuskanci alƙibla, ido da ido yake da ita.

Takardarsa ta kwanta a wani tebur, ba a ɗaga eriyar ba, shi kuma bai sake hawa benen ba sai a watan Mayu na 2007, bayan wata goma sha huɗu. Da ya buɗe ƙofar rufin da azahar sai ya tarar da tabarma shimfiɗe a cikin akwatin, buta a gefe, carbi rataye a ƙarfen eriyar, ga kuma mai gadin rana na benen, dattijo mai kimanin shekara sittin da biyu wanda ake kira Baba Mai Gadi, a tsaye ya kabbara salla.

Na'urar da ke hannunsa ta fara ƙara. Ya kira ofis a kashe eriyar, aka ce sai an nemo mai izini. Ya kasa janye dattijo daga salla, ya kuma kasa kawar da ido, haka ya tsaya har aka sallame. Ya sha faɗa daga baya cewa a duk rayuwarsa bai taɓa jin salla ta yi masa tsawo ba sai wannan.

An ruwaito maganar da suka yi, kuma dukansu biyu ba su saɓa a kanta ba. Malam Ja-Layi ya ce, “Baba, don Allah fito daga nan tukuna. Wa ya ce ka yi salla a wurin nan?” Dattijon ya ce, “Ikon Allah! Ba kai ka shata mana ba, Injiniya? Kullum sai na sa maka albarka. Har alƙiblar ka daidaita, ko limami sai haka.” Da aka nuna masa allon gargaɗi sai ya ce shi ba ya karatun boko, ya ɗauka tallar kamfani ce. Bincike ya nuna a nan yake azahar da la'asar kowace ranar aiki, ya kuma zauna lazimi bayansu, wani lokaci har da direbobi biyu ko uku a bayansa.

A watan Yuni aka ɗaga eriyar sama da kan kowa. A rahotonsa Malam Ja-Layi bai ɓoye jinkirin da aka yi ba, amma sakin layi na farko a kan kansa ya rubuta shi: cewa ya zana wa mutanen da suke neman wurin salla siffar wurin salla, mai tsabta, a saiti, sannan ya sa ran su guje shi.

Sabon tsarin fenti

Daga wannan shekara bai sake zana akwati mai kusurwa huɗu da rawaya ba. Ya koma yin layuka a gicciye, masu tsallake juna, da hoton tafin ƙafa da aka soke, ta yadda babu mai sha'awar shimfiɗa tabarma a kai. Ya kuma ɗauki al'adar neman mai gadi da mai shara na kowane gini ya yi musu bayani baki da baki kafin ya sauka.

Abu na uku shi ne wanda shugabanninsa suka ce ba ya cikin aikinsa. A kowane rufi, bayan ya gama awo, sai ya nemi wuri a bayan eriya inda na'urar ta yi shiru, ya fito da kamfas mai nuna alƙibla da gwangwanin farin fenti da yake tahowa da shi daga gida, ya shata wurin salla na gaskiya. Hujjarsa ita ce mutumin da yake wuni a bene dole zai yi salla a wani wuri, idan ba ka nuna masa inda zai tsaya ba, hana shi kawai ba zai yi aiki ba. An yi masa magana sau biyu a rubuce, ya amsa cikin ladabi, ya ci gaba da abinsa. Littafin da yake rubuta ayyukansa ya nuna ya shata irin wannan wuri ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Idon Baba Mai Gadi

A makon da abin ya faru ya kai dattijon asibiti, aka duba ba a ga komai ba. Amma a 2009 cutar yanar ido ta rufe masa ido biyu. Likitar ido ta bayyana cewa a irin shekarunsa yana ba baƙuwa ba ce, tana ganin irinta goma a rana ga mutanen da ba su taɓa hawa bene ba, kuma awon da aka nuna mata bai kai abin da aka san yana jawo ta ba. Malam Ja-Layi ya tambaye ta ko za ta iya rantsewa. Ta ce ita likita ce, rantsuwa ba aikinta ba ne.

Wannan amsa ita ya riƙe, ya bar sauran. An yi wa Baba Mai Gadi aiki a 2010, aka ce an dace, amma hankalin Malam Ja-Layi bai kwanta ba, domin yana zargin dattijon yana ɓoye masa gaskiya don kada ya damu. Kowane wata sai ya je gidansa, kuma kafin a gama gaisuwa ya ɗaga yatsu ya ce, “Baba, nawa ne nan?” Dattijon, wanda tsokana ta yi wa yawa, yakan ce bakwai alhali uku ne, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Kai dai ka dame ni, Injiniya, ido kalau.” Malama ta ce duk ranar da ya dawo daga wannan ziyara ba ya cin abincin kirki. Shekara goma sha uku ana haka, bai taɓa samun amsar da ta gamsar da shi ba.

Ritaya

Ya ajiye aiki a 2020 saboda gwiwa ta daina ɗaukar matattakala, ga kuma hawan jini, ciwon da ya yi ajalin mahaifinsa. Ya ci gaba da koyar da sababbin ma'aikata a ofis sau biyu a wata, kuma darasinsa na farko kullum labarin akwatin rawaya ne, yana ba da shi da sunan kansa ba tare da sassauci ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Alhamis, tara ga watan Nuwamba na 2023, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar kwana huɗu ta ciwon zuciya. Masu cewa tururin eriya ne ya ci shi ba su rasa ba, iyalinsa kuwa sun musanta, kamar yadda shi ma da zai musanta. A cikin maganganunsa na ƙarshe ya tambayi babban ɗansa ko an leƙa Baba Mai Gadi a wannan watan.

An ba shi wuri a sabon ɓangaren maƙabarta, inda babu kaburbura kusa da za a bi saitinsu. Baba Mai Gadi, yana dogara sanda, ya riga masu gawa isa, ya tarar masu haƙa sun shata wurin za su sa diga. Ya tsaya daga nesa ya duba, ya ce, “Ku dakata, 'ya'yana, shatin nan ya karkace wa alƙibla.” Suka yi gardama, wani ya fito da waya ya duba kamfas, sai ga shi ya karkace, da kaɗan ƙwarai. Dattijon ya goge shatin da ƙafa, ya ja sabo da bakin sandarsa, aka sake dubawa aka same shi daidai. Waɗanda suke kusa sun ji ya ce, cikin kuka, “Yatsu uku ne, Injiniya. Kullum ina ganinsu.” A kan wannan layi aka haƙa, aka binne shi bayan la'asar.

Ya rasu ya bar Malama da 'ya'ya biyar: babban ɗa, malamin sakandare, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, mai gyaran waya, ta huɗu, tela kamar kakarta, sai auta, wadda ta karanci sadarwa, kuma take hawa benaye da na'urar awo da gwangwani biyu, rawaya da fari. Ya bar jikoki tara. Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta.