Ranar da Katanga Ya Ɓace a Taron 'Yan Hoki

Kowa a layin, Matar Katanga yake ce mata, ko da yake tela ce mai cin gashin kanta, shekara talatin tana kan keken ɗinki a shagon ƙofar gida. Katanga mijinta ne. Magoya baya suka laƙaba masa sunan lokacin da yake tsaron raga a wasan hoki, wai ƙwallo ba ta wuce shi. Ita kuwa ba ta taɓa iya kallon wasansa har ƙarshe ba. Ƙwallon hoki kamar dutse take, ta sha fasa masa goshi a zamanin da ba kowa ke sa hular kariya ba.

Shekara uku ke nan da mantuwa ta kama shi. Da makulli aka fara, sai sunayen jikoki, sai wata rana ya tsaya a tsakar gidansa yana tambayar ina banɗaki yake. Likita ya ce sai dai lallaɓawa. Ta rufa masa asiri, daga ita sai 'ya'yansu. In baƙo ya yi sallama, ita ke saurin ambaton sunansa don maigidan ya ji.

Ana nan sai ga Kyaftin, shugaban 'yan wasansu na da, ya kawo takardar gayyata: tsoffin 'yan wasa da magoya baya za su haɗu a tsohon fili. Ta fara kawo uzurin ciwon gwiwa, amma Katanga ya riga ya riƙe takardar da hannu biyu, yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba. Dole ta amince.

Ranar taro da hantsi zauren da ke gefen filin ya cika maƙil. Tsofaffi masu tumbi da furfura suna rungumar juna, ana tsokanar wani cewa yanzu sandar hoki sai dai ya dogara ta. Magoya baya suka yanyame Katanga, wannan na neman hoto, wancan na tuna masa ƙwallon da ya tare da ƙirji. Shi dai sai gyaɗa kai yake. Ita tana manne da kujerarsa, tana amsa masa rabin tambayoyin.

Da lokacin maganinsa ya yi, ta tashi neman ruwa. Ko minti biyar ba ta yi ba. Ta dawo ta tarar da wata mata zaune a kujerar.

Ta tambayi na kusa, wani ya ce kamar ya ga ya yi waje. Ta leƙa banɗakin maza ba ko kunya, ba ya nan. Ta nufi babbar ƙofa da sauri, don bayan ƙofar titi ne, manyan motoci na wucewa kamar iska. Mai gadi ya ce tsofaffi nawa suka fita, ina zai gane ɗaya? Ta tsaya bakin titin tana duban kowane cincirindo, tana jiran ta ji ƙarar birki.

A nan Kyaftin ya same ta. Ganin fuskarta ya daina raha, ita kuma ta fashe da abin da ta ɓoye shekara uku: mutumin nan ko hanyar gida bai sani ba. Nan take Kyaftin ya ja gaba zuwa ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, inda ɗakin canja kayansu yake a da.

Ɗakin ya zama sito, karyayyun kujeru ne da tsoffin raguna da yanar gizo. Katanga na zaune a kan benci, ya cire takalma ya jera, ya naɗe wando har gwiwa. Ta tafi da gudu za ta kama hannunsa, sai ya janye.

"Baiwar Allah, mata ba sa shigowa nan. Wa kike nema?"

Ya manta abubuwa da yawa, amma ita bai taɓa mantawa da ita ba sai yau.

Kyaftin ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa. "Gola, an ɗage wasa. Koci ya ce kowa ya tafi gida."

Katanga ya yi tsaki, ya ce kullum haka suke yi, sannan ya sa takalmansa. Ta bi bayansu kamar baƙuwa. Sai da mota ta shiga layinsu ya waiwayo ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana amarya, ya tambaye ta me ya sa idonta ya yi ja. Ta ce wani abu ne ya faɗa mata.

Tun daga ranar Kyaftin da wasu mutum biyu suke karɓa-karɓa, suna zuwa taya shi hira da safe. Magana ta bazu a layi, maƙwabta suka shiga sa ido. Duk da haka kowace safiya, in ta kai masa ruwan wanka, sai ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, har ya ɗago kai ta ga irin kallon da zai yi mata.