Gungumen da Ban Fenta Ba

Malam ya rasu ya bar mini tarago guda ba a gama lodinsa ba. Da wannan na shiga takaba.

Mijina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya sai ya shimfiɗa ɗan layin dogo a tsakar gidanmu na Dukawuya, ya zagaye fangalin alayyafona da shi, ya bi ta gindin zogale ya dawo bakin rijiya. Kan jirgin bai fi tsawon hannuna ba, da batir yake tafiya, wani abokin aikinsa ne ya kawo masa tsaraba. Taragwan kuwa shi ya ƙera abinsa da gwangwani. Ba su ɗaukar komai sai gumagumai, don irin kayan da ya fi rakowa ke nan daga kudu a zamaninsa.

Da fari rassan itace yake yankawa ya loda, gara ta cinye su tas a damina ɗaya. Sai ya koma zubi. Zai samo ɗan reshe mai kaurin tabarya ƙarama, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya tsaga ya zare reshen, ya ɗura siminti mai laushi a gurbin. In ya bushe sai ka ga gungume sak, har da zanen ɓawonsa. Bakin da ya ɗura simintin yakan shafe shi, ya zana zobba da ƙusa tun yana ɗanye, kamar inda zarto ya yanka. Ni kuma nawa fenti. Shi zai faɗi sunan itacen, ni in haɗa kala: maɗaci toka-toka da jan ciki, marke fari-fari mai dabbare, ƙirya baƙa wuluk.

Kada a ɗauka da daɗin rai na fara. Na yi mita har na gaji. Ya ƙarar mini da rariyar tankaɗe wajen tace yashi, ya mayar da kwanon shana wurin kwaɓa siminti. Nakan ce masa sa'o'insa suna zaune a ƙofar masallaci suna jan carbi, shi yana durƙushe yana wasan ƙasa da furfurarsa. Sai dai ya miƙo mini buroshi ya ce wannan kanya ce, kada in cika mata ja. Haka muka tsufa, ina faɗa ina fenti.

Ciwon bai daɗe da shi ba. Ya zuba lodin tarago na ƙarshe, ya jera su a inuwa su bushe, washegari ya kwanta. Da aka share makoki na fito na tarar da su kamar yadda ya bar su, duk launin siminti, ba mai gaya mini wanne ne wanne.

Gidan kuwa gado ne tsakaninsa da ƙannensa, don girmansa aka bar shi ba a raba ba. Bayan sadakar arba'in ƙaninsa ya zo, ya tsuguna daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce Yaya a yi haƙuri, da na fita takaba za a ja katanga, kuma ta tsakiyar layin nan za ta bi. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsu ne, shi ma da iyalinsa a haya suke. Amma ranar ko ruwa ban ba shi ba. Abu ɗaya na ƙudurta: kafin magini ya sa diga, sai jirgin Malam ya zagaya da lodinsa cikakke, kowane gungume da kalarsa.

To, ta yaya? Mai takaba ba ta yawo, balle in tafi gindin Goron Dutse ina duba bishiyoyi. Shekara da shekaru ina fenti, ashe sunan kawai nake jira, ban taɓa kula da ɓawon ba. In ɗauki wannan in juya, in ajiye, in ɗauki wancan. Wallahi har zaginsa na yi a raina, na ce mutum ya tashi tafiya ko ya ce ga maɗaci ga marke. Sai kuma in yi istigfari in zauna in yi ta kuka.

Akwai wata tsohuwa Bafillatana da ke shiga gidaje da tallan sassaƙe da saiwoyi. Ran nan ta yi sallama ta shigo yi mini gaisuwa, ta gan ni zaune a gaban simintin. Na gaya mata damuwata ina jin kunya, don na zaci dariya za ta yi. Ba ta yi ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta ce in miƙo. Idonta ya yi rauni, da yatsu take gani. Ta shafa na farko ta ce ɗorawa, ta shafa na biyu ta ce gawo. Ina ɗiga wa kowanne kalarsa don kada in manta. Rabona da jin sanyi a zuciya irin na ranar tun Malam yana da rai.

Da ta zo kan na ƙarshe ta ce tsamiya ce. Har za ta miƙo mini, sai ta tsaya tana murza bakinsa.

“Hajiya, wannan ba a yi masa yanka ba,” in ji ta. “Yatsan mutum ne a nan.”

Na karɓa na matsa cikin rana. Ya shafe bakin da babban yatsansa, bai kai ga zana zobban ba. Ga shatin nan ya lotsa, da 'yan layukansa, har da tabon da wuƙa ta taɓa yi masa. Na ɗora nawa yatsan a ciki, ya yi mini yawa.

Sauran duk na fente su a satin. Wannan na haɗa masa kala har sau biyu, ta bushe a murfin gwangwani. Fentin mai yana da kauri, shafa ɗaya zai cike layukan nan. Na san tsamiya ce, na san kalarta, na kasa.

Ranar da magini ya zo da bulo, ƙanin Malam ya ce a dakata mini. Na sa sabon batir, na loda taragon, jirgin ya bi ta gindin zogale ya dawo bakin rijiya, da gurbi guda a saman lodin. Ƙanin ya duba, ya ce a hankali, “Yaya, kamar saura ɗaya.”

Na ce na sani. Yana cikin hannuna a ƙarƙashin hijabi. Na ce wa magini ya fara.