Dilrabo da Bas ɗin Bakwai Saura

Dilrabo Tursunova shekararta arba'in da shida, mijinta ya rasu, tana noman kankana a rumfunan leda huɗu a ƙauyen Baeun. Shekara goma sha tara ke nan da zuwanta Koriya daga Namangan ta ƙasar Uzbekistan. Ba ta nemi zama 'yar ƙasa ba, don ƙasarsu ba ta yarda da fasfo biyu, mahaifiyarta kuwa tana can da ranta. Katin zaman dindindin take riƙe da shi. Baƙon da ya shekara uku da irin wannan kati yana iya zaɓen gwamna da shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, amma ban da shugaban ƙasa da 'yan majalisar ƙasa. A zaɓen Yunin bana ne sunanta ya fara fitowa a rajista.

Gida ɗaya suke da surukarta, Inna Pyo Geum-rye, mai shekara tamanin da uku. 'Yar Dilrabo, Ha-yun, tana Daegu tana karatun jinya, don haka su biyu ne kawai a gidan. Ana yi wa tsohuwar wankin ƙoda Talata da Alhamis da Asabar a asibitin cikin gari, tafiyar kilomita ashirin da uku. Ƙarfe takwas ake jona ta da na'ura. Mota ɗaya ce tak ke kai mutum gari kafin takwas daga Baeun: ƙaramar bas mai kujera goma sha biyar da ke tashi bakwai saura minti ashirin.

A farkon shekara hukumar gundumarmu ta fitar da sunayen hanyoyin da za a janye wa bas saboda rashin fasinja, ta Baeun na ciki. A madadin bas za a ba tsofaffi takardar shiga tasi sau takwas a wata. Inna Pyo kuwa zuwa goma sha uku take yi, da dawowa goma sha uku. Majalisar gunduma ce za ta yanke hukunci a watan Satumba.

Mazaɓarsu kujera biyu gare ta a majalisar. Ta farko kowa ya san mai ita. Ta biyu ce aka ja, tsakanin Ok Du-sik, tsohon shugaban ƙungiyar manoma mai shekara sittin da bakwai, wanda ya ce bas mai yawo wayam asara ce, da Bang Seon-ju, mai shekara arba'in da ɗaya, wadda ta bar aikin kula da tsofaffi ta tsaya ba jam'iyya. Bang ta zo Baeun har sau uku, kuma duk zuwan a bas ta zo. Dilrabo ba ta yi dogon tunani ba.

Ranar zaɓe ta sa rigarta ta zuwa biki, ta ɗauki katinta, ta kuma jefa hatiminta a aljihu.

Hatimin nan yana da tarihi. Shekararta ta farko a ƙasar, ta je ofishin ƙungiyar manoma ta sa hannu a wata takarda irin sa hannun ƙasarsu, magatakarda ya duba, ya juya takardar, ya turo mata, bai karɓa ba. Washegari mijinta Sang-deok ya kai ta wurin mai sassaƙa aka yanka mata hatimi da itacen magarya, sunanta da baƙaƙen Koriya guda uku. Tun daga ranar ba ta ƙara dawowa daga wani ofis hannu wofi ba. Da shi ta sa Ha-yun a makaranta, da shi ta amince a yi wa mijinta aiki, da shi aka mayar da gonar sunanta bayan rasuwarsa.

A rumfar zaɓe aka ba ta takardu bakwai, uku da fari sannan huɗu. Ta dangwala 'yar sandar jan tawada da ke cikin ɗan ɗakin kaɗa ƙuri'a a gaban sunan da take so, kamar yadda ta gani a talabijin. Sai ta lura a ƙasan kowace takarda akwai hatimin jami'in rumfar. Ni a jaridar gundumar nake aiki, ta ce da ni daga baya: "Na ga shi ya sa nasa, na ce to saura nawa. Ban taɓa ganin takardar gwamnati da ta tsaya da hatimin mutum ɗaya ba." Ta ciro nata, ta hura masa iska, ta buga a gefe. Haka ta yi wa duka bakwai ɗin, a tsanake, don kada tawada ta jagwalgwale.

Washegari Alhamis ce, ranar asibiti. Ta tallafi surukarta suka shiga bas. Ban da su akwai Liezel, 'yar Filifin da ke aure a ƙauyen gaba, da Dambar, ɗan Nepal mai aiki a gonar kaji, wanda ba shi da ƙuri'a amma ya fi kowa bin labarin zaɓen. Direba Myeong ne ya kawo zancen. Matarsa malamar makaranta ce, tana cikin masu ƙirga ƙuri'a.

"Kun ji abin da ya faru? Ok da Bang sun yi kunnen doki. Dubu biyu da ɗari da sha huɗu kowannensu. Sau biyu aka ƙirga."

"To sai a sake zaɓe," in ji Dambar.

"Wa ya faɗa maka? Doka ta ce in aka yi kunnen doki wanda ya girme shi ya ci. Ok Du-sik ne kansila."

Liezel ta buga cinya. "Don Allah ka bari, Kawu! Wato shekaru ma ƙuri'a ce? Da sun faɗa da Inna muka tsayar, kowa ya je ya huta."

"Ke, rufe mini baki, ja'ira," in ji Inna Pyo, tana dariya. "Da na ci kuwa da kun ga mulki."

Dambar ya ce shi dai wata shida yana kallon 'yan takarar nan suna tsaye a mahaɗar hanya suna rusuna wa motoci cikin rana, ashe takardar haihuwa ce za ta raba gardama. Ya ce a ƙasarsu da yanzu an fara jifa da duwatsu, nan kuwa kowa ya tafi aiki. Bai san wanne ya fi ba shi mamaki ba.

Direba ya ci gaba. "Abin haushin ma, cikin ƙuri'un da suka lalace akwai ta wani da ya dangwala wa Bang daidai, sai ya bi da hatiminsa na gida. Duka bakwai! Da ya bar aljihunsa a rufe da yanzu Bang ce."

"Wane ne?" in ji Liezel.

"Ta ƙi faɗa mini. Wai sirri ne. Wani tsoho ne dai mai jin kansa, irin masu zuwa siyan taki da hatimi."

Aka yi dariya. Dilrabo ta tsura wa gonakin shinkafa ido ta taga. Sunanta na kan takardun nan, da jan tawada, kuma mutum nawa ne a gundumar ke da suna irin nata? Ta ce abin da ya fara zo mata ba bas ba ne. Kunya ce. Sai da suka wuce gada sannan ta dubi kujerun da ba kowa, ta ƙirga su: goma sha ɗaya.

A asibiti, bayan an jona tsohuwa da na'ura, ta faɗa mata. Inna Pyo ta ɗaga ido ta dubi silin.

"Uwar Ha-yun, a sama kika buga ko a ƙasa?"

"A ƙasa, Inna."

"Ya fito sosai?"

"Ya fito."

"To ai shi ke nan. Ɗana ne ya koya miki, shi ma ba wani wayo ne da shi ba." Ta juya kai. "Gyara mini bargon nan."

Al'adarmu ce bayan zaɓe wanda ya ci da wanda ya faɗi duk su fito titi su yi godiya. Ranar Asabar Bang Seon-ju na tsaye a mahaɗar kasuwa da allo rataye a wuya, an rubuta: Na gode, ƙoƙarina ne bai kai ba. Ina wurin ina ɗaukar hoto don jaridarmu ta mako sa'ad da Dilrabo ta tsallako titi. Ta tsaya gabanta, ta rusuna ƙasa sosai, ta ce ita ce mai hatimin.

Mota biyu suka wuce, Bang ta rusuna musu kamar yadda take yi tun safe.

"Na sani, Yaya," ta ce. "Wakilina ya gani."

"Ni na kayar da ke."

"Ƙuri'a sittin da ɗaya ce ta lalace. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, kamun kifi ya tafi ranar. Ki bi layi, kina bayansa." Ta goge ido da bayan hannu. "Amma wallahi da kin bar shi a gida."

Bang ta nemi a sake ƙirga. Aka sake, lissafi bai canja ba.

Labarin bai ɓoyu ba. Matan da suka zo aure daga waje suna haɗuwa ranar Lahadi a cibiyar al'umma, a can aka fi tattauna shi. Wasu suka ce an ja musu abin magana, yanzu za a ce baƙi ba su iya zaɓe ba, ga shi dama akwai masu cewa a ƙwace musu damar. Wata 'yar Sin ta ce ita shekara goma sha biyu tana da ƙuri'a ba ta taɓa zuwa ba, don ba ta zaci ana ƙirgawa ba. Yanzu ta ga ana ƙirgawa. Liezel kuwa sai ta laƙaba wa Dilrabo suna Mai Naɗa Kansila. Dilrabo ta kawo palov, dafa-dukar ƙasarsu, a babbar tukunya kamar kullum, ta rarraba.

Amma sunan ya zauna mata a rai. A mako na biyu na Yuli, bayan an rantsar da majalisa, ta yanki kankana mafi girma a rumfarta, ta sake tunani, ta ajiye, don kada a ce ta kai wa jami'i kyauta. Ta je ofishin Ok Du-sik hannu wofi. Shi da ita duk sun ba ni labarin, kuma bai bambanta ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce ta Baeun."

"Na gane ki. Matar marigayi Sang-deok. Zauna mana."

"Mutum dubu biyu da ɗari da sha huɗu sun zaɓe ka, ba su isa ba. Ni da ban zaɓe ka ba, ni na ba ka kujerar nan. Don haka na zo wurin kansilana."

Ok ya ce sai da ya cire tabarau don dariya. Da ya gama, ta zayyana masa ranakun asibiti da lokacin jona na'ura. Ya saurara. Bai yi mata alkawari ba. Ya jawo takardar sashen sufuri ya nuna mata da yatsa: bas ɗin safe ta Baeun, a matsakaici mutum uku da ɗigo takwas. Duk hanyar da ba ta kai bakwai ba za a janye ta.

"Ni ba gaba nake da bas ba, 'yar nan. Ba zan iya tashi a majalisa in kare mota mai mutum huɗu ba. Za a sake ƙirga fasinja a watan Agusta. In kin kawo mini bakwai, ni zan fara ɗaga hannu. In ba ki kawo ba, kada ki ce na yaudare ki."

Baeun gida talatin da ɗaya ne, yawanci tsofaffi masu zaman kaɗaici, kuma da bas ɗin ƙarfe goma suka saba shiga gari. Dilrabo ta bi su gida gida. Mai zuwa gashin ƙashi ta kira mata asibiti aka mayar da lokacinta safe. Masu kai ganye kasuwa ta nuna musu cewa wuri mai inuwa na masu sammako ne. Wani tsoho ya ce ba abin da zai yi a gari ƙarfe bakwai da rabi. Inna Pyo ta aika masa cewa gidan wanka na buɗe tun shida, kuma ya daɗe yana buƙata. Dambar ya shawo kan abokan aikinsa biyu suka daina hawan keke. Ranakun asibiti da ranakun kasuwa ana samun tara ko goma. Litinin da Laraba har yanzu biyar ne, wani lokaci huɗu. Direba Myeong ya ce bai san yadda lissafin zai kaya ba, ni ma ban sani ba.

Asabar ɗin da ta wuce ta faɗo ranar kasuwa. Mutum goma sha shida suka shiga bas ɗin bakwai saura. Dilrabo ta zaunar da surukarta a kujerar gaba, ta kama ƙarfen sama, ta yi tafiyar a tsaye har cikin gari.